Naman Da Yaya Ta Kawo

Na-Sama bai daɗe da komawa aiki ba bayan an cire masa matsarmama. Shi ne mai tuƙa injin ɗaga kaya a wurin wani dogon gini. Ɗan ɗakin da yake zama yana can ƙololuwa, sai an hau tsani kamar ba za a kai ba, shi ya sa abokan aiki suka laƙaba masa wannan suna.

Ranar sallama, likita ya yi masa bayani a gaban matarsa. Ya ce matsarmama ce ke tara ruwan ɗacin da ke narkar da maiƙo. Yanzu da babu ita, in ya ci maiƙo da yawa a zama ɗaya, ciki zai murɗa, gudawa ta zo ba sallama. Ya ce ya riƙa ci kaɗan-kaɗan, dafaffe ba soyayye ba, har jiki ya saba.

Matar ta riƙe maganar. Yayarsa kuwa, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ba ta yarda ba.

Rannan lokacin hutun rana sai ga ta a ƙofar ginin da kwano ɗaure a ƙyalle. Soyayyen nama ne, kitse na ƙyalli, mai ya kwanta a ƙasa.

"Dube ka don Allah, wuya kamar mariƙin lema," in ji ta. "Da ganye matarka take kiwon ka?"

"Yaya, likita ne ya hana."

"Likitan ne ya goya ka? Wanda aka yanka ai da maiƙo yake mayar da jiki. In ba za ka ci ba, ba ni abina in koma."

Wani dattijon magini da ke gefe ya yi dariya. "Ci mana, ɗana. Mu da ba mu da yaya sai dai ƙamshi."

Na-Sama ya ga idonta ya kawo ruwa. Ya zauna ya cinye tas, ya hau sama.

Ya ɗauko tulin bulo ke nan, kayan na lilo a iska, cikinsa ya ƙulle. Gumi ya karyo masa. Ya matse ƙafafu, ya ciji leɓe. Banɗaki yana can ƙasa, bayan duk tsanin nan.

Rediyon da yake magana da na ƙasa da shi yana gabansa. Da ya ce a dakata, da an dakata. Amma duk ma'aikata suna jin abin da aka faɗa a ciki. Ta yaya magidanci zai ce gudawa ta kama shi? Ya ce a ransa bari ya sauke wannan da sauri.

"A hankali, Na-Sama!" mai yi masa jagora daga ƙasa ya yi ihu a rediyon. "Akwai mutane a gefen nan!"

Cikin ya sake murɗawa. Ya dunƙule, hannunsa ya fizgi sandar tuƙi. Tulin bulon ya yi gefe, ya daki katakon da magina ke tsaye a kai. Sauran suka kama ƙarfe. Dattijon nan bai samu abin kamawa ba, ya faɗo ƙasa.

Ƙugunsa ya karye. Likitoci suka ce zai rayu, amma shi da hawa gini har abada. Shi ke ciyar da gidansa da jikoki marayu.

An karɓe injin daga hannun Na-Sama a ranar. A barandar asibiti yayarsa ta riƙe masa hannu tana kuka. "Wallahi ƙarfi na so ka yi."

"Na sani, Yaya," ya ce, bai iya ɗaga kai ba.

Jama'a, wanda aka cire wa matsarmama ba da kitse ake nuna masa ƙauna ba. A bi abin da likita ya ce, a rage mai, a ci kaɗan-kaɗan. Kuma in ciwo ya taso a bakin aiki, a faɗa a tsaya, kada kunya ta jawo wa wani nakasa.