Gidajen Kan Kududdufi

"Malamar jami'a," wani dattijo ya katse ta, "tashi za mu yi ke nan?"

Duk mutanen da ke zauren mai unguwa suka zuba mata ido. Ta juya ta dube shi.

"Alhaji, bincikenmu ya nuna yanayi ya sauya. Gidajen da aka cike kududdufi aka gina ba za su jure ruwan bana ba."

"Har da gidana?"

"Shi ne na farko."

Ya fice ko sallama babu.

Ranar da hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen unguwar Kabuga, dattijon ya kira ta a waya, ya ambaci sunanta. 'Yar farinsa ce, tun haihuwarta alkunya ba ta taɓa barinsa ya furta sunan ba.

"Zo ki tafi da Hajiyarku," ya ce. "Ni ba inda za ni."