Fassarar Sakarai

"Baba, an yi maka kutse," in ji surukina mai gyaran kwamfuta, yana leƙa tawa kamar likita.

"'Yan damfara?"

"A'a. Manhajarta ce ke da wata kafa, amma sai wanda ya zauna a kujerar nan zai iya bi ta ciki. Wani ya dasa abin da ke aiki a ɓoye."

Tun rasuwar matata ba mai zama a kujerar sai ni. Na ce ya duba kwanan wata.

"Shekara huɗu ke nan. Daga shafin Mama."

Marigayiya fa, wadda ta sha ce mini ko kunna kwamfutar ba ta iya ba. Na cika ɗaki da littattafai, ashe ni ne jahilin gidan.

"Me abin yake yi?"

Ya karanta, fuskarsa ta sauya. "Duk saƙon da ka tura, in ka rubuta 'sakarai', sai ya mayar da shi 'ɗana'."

Saƙonnina gare shi sun fi ɗari, kuma duk da kalmar nan suke farawa. Har buga su ya yi a takarda, yana nuna wa abokai.

"In goge shi?" ya tambaya a hankali.

Abu ɗaya ke nan nata da ya rage yana motsi a gidan nan.

"Toshe kafar, ka bar mata aikinta, sakarai."

Ya yi murmushi. Ai yanzu ya san fassarar.