Geron Kwamfuta

"Ƙara kore," in ji sojan, hannunsa a kafaɗata. "Gwamnati ta ce babu yunwa."

Aikina a gidan tele, wato talabijin, shi ne zana 'yan tsana masu motsi na shirin yara. Tun da sojoji suka karɓi mulki, na koma yi wa fari kwalliya. Ran nan hoton garinmu Matameye aka kawo mini, kuma na gane gonarmu tun daga kukar da ke bakinta. Na shuka mata gero da kwamfuta, na haɗo hadari, na sa zangarniya tana rausaya. Aka watsa.

Washegari yayana da ke ci-rani a Legas ya kira, sojan na tsaye a kaina.

"Auta, na ga gonarmu a tele, alhamdulillahi. Ke nan ba sai na aiko da masarar nan ba?"

Na dubi sojan, ya dube ni.

"Haka ne, Yaya."

Daidai inda geron ya fi duhu a hoton, nan na rufe Inna da shi, tana durƙushe tana tonon gidan tururuwa don neman tsaba.