Ƙasar Cikin Kwalba

Sanda ta uku ce ta kayar da baƙon. An kama shi yana haƙa ramuka a gonarmu ta hanyar Salka, aka ce sammu yake binnewa.

"Bayin Allah, ku tsaya! Ƙasa nake ɗiba, taron masana zan kai ta!"

Baba ya ƙara masa a baki. Jama'a suka farfasa kwalabensa, babu laya.

Baƙon yana tofar da jini, ya miƙo wa Baba gilashin ƙara girma. "Duba ƙasar, Malam. Ɓawon halittun ruwa ne. Teku ta taɓa rufe gonarka."

Baba ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗaga murya.

"Jama'a, wuri ne! Irin na bokaye, ƙanana, sun fi ɗari!"

Sanduna suka sake tashi.