Sai Baba Ya Zauna

"Ku nemo Baba!" manaja ta daka mana tsawa. "Ko ina yake, ku ɗauko shi!"

Allona ya sake yin ja, kuskure ɗari biyu da sha ɗaya. A kwamfutocinmu muke rubuta manhajar, amma na masu saye wani tsari ne daban. Duk lokacin da muka zo haɗa ta don nasu tsarin, sai ta ce wasu fayiloli sun ɓata. Ga shi gobe za mu miƙa aiki.

Kowa ya san maganin. Baba, tsohon ma'aikacinmu da ba ya komai sai gyangyaɗi, ya zauna a kujerarsa, shi ke nan komai ya yi kore. Sau uku ana rubuta masa takardar sallama ana yagewa. Har matashin kujera manaja ta sayo masa.

Aka kinkimo shi daga wajen likitan haƙori, da auduga a baki. Ya zauna, ya zaro tsohuwar kwamfutarsa daga jaka, ya kama wasan kati. Na danna maɓallin haɗa manhajar. Kore!

Abin ya ishe ni. Na bi sawun fayilolin layi-layi, sai ga su a cikin kwamfutar tasa. In ya kunna, kwamfutocinmu su janyo su daga can. In ya rufe, mu shiga uku.

Na same shi ya koma gyangyaɗi, na raɗa masa, "Baba, ashe ba albarka ba ce. Bari in kwafo su, ka huta."

Ya buɗe ido ɗaya, ya zare audugar.

"Ni na kwashe su da hannuna, shekara shida ke nan. Yi shiru, 'yata. In na yi ritaya, ke zan bar wa jakar."