Ruwan Garin Inde

Wa ya ba mutum ikon sare wa gaskiya kai don kawai ta yi wa takarda tsawo? Tambayar da ta cika ran Firdausi ke nan a biron poroje na Madarunfa, ofishin aikin agaji, tana tsaye bayan kujerar shugabanta, Malam Ɗan Azumi, idonta a kan kwamfutarsa.

Grafik ne, wato zanen lissafi, na ruwan daminar bana, kowane ƙauye da sandarsa, kuma da shi kwamiti zai yanke waɗanda za a kai wa hatsin agajin fari. Sandunan duka sun tsaya kusa da milimita ɗari huɗu. Ta Garin Inde kaɗai, wani ƙauye da ke bayan Gabi, ta haura dubu biyu. Sai dai ba mai gane hakan, domin Malam Ɗan Azumi ya ƙayyade layin lambobin da ke gefe a ɗari biyar. Sandar ta daki rufin zanen ta tsaya, kamar da kaɗan ta ɗara ƴan uwanta.

"Lambar nan tana da magana, ƴata," in ji shi. "Ki bari a je a duba tukuna."

Firdausi ta san wannan "tukuna". Tun tana jami'a take ganin yadda ake binne haƙƙin talaka da ita. Ruwa irin wannan ai ambaliya ce: gidaje sun rufta, rumbuna sun jiƙe, an kuma ɓoye don kada poroje ya sha tambaya.

Ba ta da shakka a kan lambar, domin ma'aunan ruwan aikinta ne. A zafin watan Maris ta zagaya ƙauyukan tana duba su, ta tarar da na Garin Inde a fili, awaki sun ture shi. Ta zaɓar masa wurin da dabba ba ta kaiwa a harabar lakwal, makarantar bokon ƙauyen, ta sa aka kafe shi da siminti, ta gargaɗi Malam Salim, malamin da ke karanta shi, cewa duk wanda ya gusar da shi sunansa zai je Maraɗi. Da damina ta yi nisa ya kira ta, ya fara wani dogon bayani a kan wurin, ta katse shi cikin ladabi, ta tuna masa cewa aikinsa karantawa ne da turowa.

Da safiyar taron ta riga kowa shiga biro. Ta goge ɗari biyar ɗin, ta buɗe layin har dubu biyu da ɗari biyar. Sandar Garin Inde ta miƙe kamar giginya, sauran suka koma ƴan kututtura. Ta gwada wani tsarin zane da ke matse manyan lambobi don ƙananan su fito, ta ga yana yi wa ɓarna kwalliya, ta watsar. Ta shafa wa sandar ja, ta ɗora mata lambarta a ka.

Da aka haska zanen a bangon zauren, Malam Ɗan Azumi ya cire hula ya riƙe. Firdausi ta miƙe ta yi jawabin da ta shirya. Ba ta kama suna ba, amma ta bayyana yadda ake datse layi a datse jama'a, har wasu suka riƙa satar kallon shugabanta. Ita kanta jawabin ya burge ta.

Hajiya Maryam, shugabar kwamiti, ta gode mata. Sannan ta ce ƙauyen da ya sami wannan ruwa ba ya cikin masu fari, don haka a cire Garin Inde daga rabon hatsi. Agajin ambaliya kuwa na wani biro ne, sai an je an gani da ido.

Firdausi ba ta shirya wa wannan ba. Motar hatsi ta riga ta yi lodi. Firdausi ta dage kwamiti ya je ƙauyen yau, a ga ɓarnar, a rubuta, kada mutane su rasa nan su rasa can. Aka shiga mota.

Bayan Gabi ta fara neman laka ba ta samu ba. Gero ya tsaya iya gwiwa, ganyensa ya naɗe, zangarniyar ba ido. Ta gaya wa kwamiti cewa ruwa in ya yi yawa haka yake ƙona shuka. Gidajen ƙasa suna tsaye lafiya lau; ta ce ƙila an yi saurin gyara. Matan da ke bakin rijiya suka ce rabonsu da ruwan kirki tun shuka. Ta ce a ranta tsoro ne ya hana su magana. Malam Ɗan Azumi dai taga yake kallo.

Malam Salim ya tarbe su a ƙofar lakwal, ya kai su bayan aji.

"Ga shi nan, Malama. Kamar yadda kika ce, ban bar kowa ya taɓa shi ba. Ko yayyafi aka yi sai na zubar na sake zubarwa."

Ma'aunin na nan daram a simintinsa. Firdausi ta ga kowa ya ɗaga kai, ita ma ta ɗaga, abin da ba ta yi ba a watan Maris. Sannan ta juyo ga Hajiya Maryam.

"Hajiya, don Allah ku tsayar da motar hatsin nan, ku mayar da Garin Inde cikin rabo. Wani kuma ya ara mini diga, in tumɓuke ma'aunin nan daga ƙarƙashin indararon da ke tattaro ruwan rufin ajujuwa uku, inda ni da kaina na kafa shi."