Makaɗin da Aka Sallama

A baiti na uku numfashin mawaƙin ya sarƙe, ana tsakiyar bikin suna a Ibadan. Kiɗa bai saurara ba. Piyanon lantarki na aika bugu ta wayar da aka jona, injin ganga na binsa sau da ƙafa, suka wuce suka bar muryarsa. Mata masu gwaggwaro suka fara kallon juna.

A bara mawaƙin ya kori ƙanensa, makaɗinsa na shekara ashirin, yana ce masa: "Hannunka ya mutu, kullum sai ka ja mana kiɗa baya!"

"To, Yaya, Allah ya bar ka da injinka."

Sai yau ya gane. Ashe hannun ƙanen lafiyarsa ƙalau, jiransa yake yi ya ja numfashi.